Katako Ko Tayil: Kira Ga Masu Gini a Kano

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan wani yayi da ya shigo wa masu gini. Sana'ata sa tayil ce, na daɗe a cikinta, kuma yanzu sai maigida ya zaro waya ya nuna maka hoton falon wani gida a Ingila ko Turkiyya, ƙasan duk katako ne, ya ce irinsa yake so. Kada a ce ina kare abincina ne. Tausayin kuɗin mutane ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Katako yana shan danshin iska, yana kuma fitar da shi. A Kano, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu ta bushe har leɓe yana tsagewa, sai katako ya tsuke, tsakanin allo da allo ya buɗe, ƙura ta cika ramin. Idan Agusta ta zo da ruwa ba ƙaƙƙautawa, sai ya kumbura, allunan su tunkuɗi juna su ɗago. Duk wanda ƙofar ɗakinsa ta katako ta taɓa ƙin rufuwa da damina ya san abin da nake faɗi. Ga kuma gara. Mu da muke shafa wa katakon rufi baƙin mai da magani yana can sama, yaya za a yi da wanda aka kwantar a ƙasa, kusa da gidanta?

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin abin da ake sayarwa da sunan katakon ƙasa ba loko ba ne, ba maɗaci ba ne. Garin katako ne aka matse da gam, aka manna masa hoton katako a sama. Na shiga wani gida inda aka shimfiɗa shi a falo, Hajiya kuma kullum sai an goge mata ƙasa da ruwa, kamar kowace mace mai tsafta. Bakin kowane allo ya tashi ya yi baƙi, idan ka taka sai ka ji ya lotsa. Irin wannan ba ya gyaruwa, sai dai a ɓamɓare a zubar.

Mu duba yadda muke zama a gidajenmu. A ƙasa muke cin abinci, miya ta zuba, yaro ya yi fitsari, a shigo da jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala, yashin tsakar gida ya biyo takalmi ya kankare fenti. Tayil yana jure duk wannan. A watan Afrilu kuwa, zafi ya haura digiri 40 ga babu wuta, mutum ya kwanta a kan tayil ya ji sanyi a bayansa, wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Ban ce tayil ba shi da aibu ba. Da hunturu sanyinsa yana damun tsofaffi masu ciwon ƙafa, amma darduma ko tabarma ta wadatar. Babban haɗarinsa santsi ne, kuma a nan nake roƙon 'yan uwa don Allah: idan kun je kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa sayen kaya, kada ƙyalli ya ruɗe ku. Mai sheƙi na bango ne ko ƙuryar falo. Banɗaki, kicin, baranda da wurin alwala, a sa mai kaushi. Ka ɗiga ruwa a kansa tun a shago, ka shafa da tafin hannu, za ka gane. Tsohuwa idan ta zame ta karye a ƙugu, da wuya ta koma yadda take.

Sai kuma a tsaya a kan mai aiki. Wasunmu sukan ɗan ɗiga siminti a kusurwoyi huɗu da tsakiya su ɗora tayil don sauri. Bayan ya bushe, ka bi da mabuɗi kana ƙwanƙwasawa. Inda ka ji ƙara kamar ƙwarya, ƙasan fanko ne, ranar da aka ɗora ƙafar gado zai fashe, don haka a cire tun kafin ka biya ragowar kuɗi. Kwalin tayil mai santimita 60 da 60 galibi guda 4 ne a ciki, wato murabba'in mita 1.44, sai ka yi lissafi da shi, ka ƙara kwali biyu ko uku ka ajiye, domin launin da ka saya bana da wuya ka same shi baɗi.

Wanda ransa ya kafe a kan kamannin katako, akwai tayil dogo mai zanensa, shi nake ba da shawara a saya. Katakon gaske kuwa a bar shi ga ƙofa, kujera da gado, can ne 'yan kasuwar katako ta Na'ibawa za su zaɓa maka mai kyau.

Na gode.

Daga wani mai aikin tayil,
Unguwa Uku, Kano