Ba duk mai canza wa ƙaramar mota inji ne ɗan wasan mota ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan sharhin da kuka buga kwanakin baya game da samarin da ke wasa da mota a wajen biki. Duk abin da marubucin ya faɗa kan rayukan da ake salwantarwa da sunan murna, ba ni da ja. Inda muka raba gari shi ne inda ya yi wa kowa kuɗin goro, ya ce duk wanda aka gani ya ɗora wa tsohuwar ƙaramar mota inji mai turbo ɗan ganganci ne, a ƙwace motar kawai. To ni ina cikinsu. Shekarata 54, ina da jikoki biyu, kuma ko a nawa auren ban juya mota a gaban jama'a ba.

Motar tawa Toyota Starlet ce ƙirar 1991. Yayana marigayi ya yi tasi da ita shekara da shekaru tsakanin Bata da Kabuga, har Adaidaita Sahu ta zo ta kashe musu kasuwa. Bayan rasuwarsa ta zauna a ƙofar gida, tayoyi suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin kwana. 'Yan gwangwan sun yi ta zarya suna tayawa. Hajiya ta ce muddin tana raye ba za a sare motar ɗanta a auna a sikeli ba. Daga nan na ɗauke ta a matsayin abin da zan riƙa ɗebe kewa da shi ranakun Asabar, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru.

Injin da ta zo da shi 2E ne mai kafireto, lita 1.3, ƙarfinsa wajen doki 75 lokacin yana sabo. Nawa kuwa ya riga ya gaji, yana shan baƙin mai kamar kunu. Wanda na sa mata 4E-FTE ne, shi ma lita 1.3, amma mai turbo, doki 135. Ba ƙirƙirar kanikawan Kano ba ce. Kamfanin Toyota da kansa ya sa wannan inji a Starlet GT Turbo daga 1990, sannan a Glanza V daga 1996, don kasuwar Japan. Motocin can sitiyarinsu a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu, shi ya sa ba motar ke zuwa mana ba sai injinta, ko rabin gabanta da aka yanke. Wani dillali a Kasuwar Ƙofar Ruwa ne ya nemo min daga Legas, bayan wata huɗu ina jira.

Ga masu karatun da ba su san turbo ba: hayaƙin da inji ke fitarwa ta salansa ne ake bi da shi ta kan wata 'yar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗura iska cikin inji da ƙarfi. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. 'Yar fankar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin mai ne ke tsakaninta da ƙonewa.

Ɗora injin shi ne mafi sauƙi. Kwana biyu bakanikena ya yi ya zaunar da shi, don gidan injin kusan ɗaya ne. Dattijo ne da ya fara koyon aiki a kan Fijo 504, ina ce masa Baba. Da ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe ya goge hannu da tsumma, sai ya ce, "Malam, yanzu fa aka fara kashe kuɗi." Na ɗauka zolaya ce.

Ashe gaskiya ya faɗa. Mota mai kafireto ba ta da birenbos, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa inji, ba ta da nozul mai fesa wa inji mai, famfon man nata ma inji ne ke motsa shi a hankali. Sabon injin kuwa sai da famfon lantarki mai matsa mai da ƙarfi, da bututun da zai mayar da ragowar mai cikin tanki, da wayoyin da suka zo a dunƙule kamar taliyar da aka bari ta huce. Wanda ya yanke su a can bai tausaya ba, da almakashi ya bi su. Sati uku rewaya ya yi zaune kan tabarma a gindin darbejiya, ya shimfiɗa wayoyin a gabansa, yana bin kowace da 'yar fitilar gwaji, yana manna mata takarda da rubutun ajami don kada ya manta. Ranar da muka murza makulli ta ƙi tashi. Kwana biyu muna nema, ashe wayar at ce guda ɗaya, wato wadda ake ɗaurewa a jikin mota, ba ta kama ƙarfe ba saboda fenti. Aka kankare da wuƙa, sai ga ta ta tashi, yaran gareji suna ihu kamar an ci ƙwallo.

Sai maganar zafi. Wannan inji yana da abin sanyaya iska a samansa, intakula, wanda a Japan aka huda masa baki a bonet don iska ta shiga. Zafin watan Afrilu a Kano yana haura digiri 40, ga cunkoson Ƙofar Nassarawa da yamma. Dole muka mayar da intakula gaba, muka sa lagireto mai kauri da fanka biyu. Da hunturu kuma ƙura ke toshe matatar iska, sai in duba ta duk sati. Man 'yan bumburutu na haramta mata, domin gurɓataccen mai a inji mai turbo, kafin ka ankara fistin ya narke, inji ya buga. In na dawo daga tafiya ba na kashe ta nan take, sai ta yi minti ɗaya ko biyu a tsaye don turbo ya huce. Maƙwabcina har yau gani yake ɓarnar mai nake yi, musamman tun da aka cire tallafi a 2023.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne birki. Baba ya ce kada in fita da ita sai an canza birki, na ce gwaji kawai zan yi. Bayan sallar asuba na hau titin Zariya, hanya fayau. Na wuce Na'ibawa na ɗan taka, sai na ji wani siririn fito daga gaba, kujera ta tura ni a baya. Motar da nauyinta bai kai tan ɗaya ba, aka kusan ninka mata ƙarfi. Na taka birki sau biyu ina gwadawa, lafiya. A na uku, kusa da Kwanar Dawaki, wani mai kura ya shigo titi da jarkokin ruwa. Na danna birki, ƙafata ta nutse kusan ƙasa, warin ƙuna ya cika motar. Allah ne ya tsare, na kauce ta gefen ƙasa na tsaya da kyar. Mutumin ya juyo ya ce, "Alhaji, a riƙa haƙuri mana," ya ci gaba da turinsa. Ni kuwa na fi minti goma gwiwoyina suna rawa.

Da na koma gareji Baba bai ce min uffan ba, ya dai tura yaro ya kawo jak. Ita GT ta asali birkin diski gare ta a ƙafa huɗu, tawa kuwa diram ne a baya da ƙananan diski a gaba, waɗanda aka yi wa doki 75. Muka canza su duka, da kuloci, da shokozoba, da tayoyi sababbi, ba 'yan Beljiyam da suka gama rayuwarsu a Turai ba. In aka haɗa kuɗin waɗannan da na waya, sun zarce kuɗin injin nesa. Na kuma je ofishin lasin aka gyara lambar inji a takardu, don kada wata rana a tsayar da ni a ce na sato.

Nan ne samarinmu ke faɗawa rami. Yaro zai tara kuɗi ya sayi inji, aljihu ya ƙare, ya fito titi da tsohon birki da sudaddiyar taya. Wani bakaniken ma ba zai hana shi ba, tunda an biya shi kuɗin ɗorawa. Don haka in jami'an KAROTA da na Hukumar Kiyaye Haɗurra za su tsayar da irin waɗannan motoci, ina goyon baya, amma su duba birki da taya da lambar inji. Ƙarar salansa ba ta nuna komai, akwai mai huda salansa da ƙusa alhali injinsa ko Keke Napep ba zai tsere wa ba.

Sannan ina kira ga gwamnatin jiha. Mahaya dawaki suna da filin sukuwa, 'yan folo suna da nasu. A ware wa masu sha'awar mota wani kewayayyen fili a bayan gari, ko da sau ɗaya a wata, a duba mota kafin ta shiga, a sa hular kwano, a ajiye motar asibiti a gefe. Da akwai irin wannan wuri, da ba a kan mai kura na gane birkina bai isa ba.

Shi kuma marubucin sharhin, in yana da lokaci ranar Asabar da hantsi, ina gayyatarsa. Motar tana nan a ƙofar gida, har yanzu da ragowar fentin tasi a murfin but, don Hajiya ta hana a shafe.

Naka,
Wani mai karatunku daga Gyaɗi-Gyaɗi, Kano