Ba a fafe gora ranar tafiya: tanadin gida kafin wata annobar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da na ga mun yi saurin mancewa da shi, wato yadda magidanta suka ji a jikinsu lokacin kullen korona, da irin tanadin da ya kamata a ce kowane gida yana da shi. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa da ta ɗora wa cutar a ranar 5 ga Mayun 2023, sai aka naɗe tabarmar zancen baki ɗaya, alhali kwalarar 2021 ta kama mutum fiye da dubu 100 a Nijeriya, kuma Kano ce ta fi shan wahalar mashaƙon da ya ɓarke a ƙarshen 2022. Annoba ba ta yi sallama da mu ba, suna kawai take sauyawa.

A ranar 11 ga Afrilun 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Kano, kuma daga daren 16 ga wata Gwamna Abdullahi Ganduje ya rufe jihar na mako guda, bayan sanarwar da ba ta wuce ta kwana biyu ba. Duk wanda ya leƙa Singa ko Dawanau ko kasuwar Rimi a waɗannan ranaku ya ga abin da ake kira turereniya: mai kuɗi yana lodin buhuna a bayan mota, mai ƙaramin ƙarfi yana riƙe da leda yana lissafin ko abin hannunsa zai kai mudu biyu, farashi kuwa yana tashi tsakanin safe da la'asar. Mako gudan nan bai tsaya a mako guda ba. Azumi ya kama a ranar 24 ga Afrilu ana cikin kulle, a ranar 27 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara mako biyu, aka yi ta ƙari a kan ƙari har farkon Yuli.

Shawarwarin da aka riƙa yaɗawa a lokacin ba su da aibu a kimiyyance, sai dai an ɗinka su ne a jikin wani mutum dabam. An ce a tanadi abincin mako biyu, a riƙa wanke hannu a ƙarƙashin famfo, a killace mara lafiya a ɗakinsa shi kaɗai da banɗakinsa. Wannan magana ce da ma'aikaci mai albashi da ke zaune a gida mai ɗaki huɗu zai iya aiki da ita. Amma ɗan adaidaita sahu da ɗan dako da mai wankin hula da mai shayi, waɗanda rayuwarsu hannu baka hannu ƙwarya ce, sai sun fita da safe ake ɗora tukunya da rana, kuma da yawansu a gidan haya suke, iyali biyar ko shida a tsakar gida ɗaya da makewayi ɗaya. Idan muna son tanadi ya yi amfani, tilas ne a gina shi a kan yadda muke rayuwa a zahiri, kuma a yi shi lokacin da ake zaune lafiya, domin ranar da aka yi shelar kulle ranar tsada ce da rububi.

Na fara da abinci, tun da shi ya fi tayar wa jama'a hankali. Abin da na lura da shi a unguwarmu shi ne, gidajen da suka fi samun sauƙi ba lallai ne na masu hali ba, gidaje ne da ke da tsohuwa ko uwargida wadda ba ta yar da al'adar shanya ba. Kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa da barkono da busasshen zogale, waɗannan su suka riƙe miya a lokacin da ba a zuwa kasuwar 'Yankaba, kuma ba su buƙatar firji. Waɗanda suka cika firji da markaɗe da nama kuwa, wutar lantarki ta nuna musu halinta a cikin zafin Afrilu, wasu a kwata suka zubar. Lokacin da tumatir ya yi araha a tsakiyar rani, har ake zubar da shi a bakin kasuwa, shi ne lokacin da ya dace a yanka a shanya, kamar yadda lokacin kaka ne ya dace a sayi gero da dawa da masara da wake. Ba sai da buhu ba. Magidancin da ke ware mudu ɗaya a duk mako ya zuba a wata jarka ta musamman, kafin wata uku ya tara abin da zai riƙe ƙaramin iyali na ɗan lokaci, da sharaɗin a riƙa ci daga tsohon ana mayar da sabo, kada a bar shi ya tsufa.

A kan wake akwai abin jan kunne. Mutane da yawa, don gudun ƙwari, suna yayyafa masa fiya-fiya ko wani maganin feshin gona, wanda guba ne da ke iya halaka gida guda. Jarka busasshiya mai murfi da ke toshe iska gaba ɗaya, ko buhun nan mai leda biyu a ciki da malaman gona ke tallatawa, sun wadatar, domin ƙwaron da ya rasa iska mutuwa yake yi da kansa. Rufe abinci da kyau yana da wata fa'idar, domin ta fitsari da kashin ɓera zazzaɓin Lassa ke shiga gida.

Akwai kuma abubuwa biyu da ba a cika tunawa da su ba sai an shiga matsi. Na farko niƙa: gidaje da dama suna da tsabar masara a ɗaki amma mai injin ya rufe, turmi da taɓarya kuma an daɗe da kyautar da su, saboda haka ya kamata wani ɓangare na tanadin ya zama gari. Na biyu makamashi, domin hatsi ba ya dafa kansa, kuma buhun gawayi ɗaya a lungu ya fi tukunyar gas da ta ƙare a ranar da ba a fita.

Ruwa shi ne inda shawarar hukuma ta fi yin nisa da gaskiyar rayuwarmu. Yawancin unguwannin Kano da 'yan garuwa suka dogara, kuma idan an hana mai kura fita, ko mai rijiyar burtsatse ya rasa man janareta, to an hana gida sha da girki da alwala, balle wanke hannu na daƙiƙa 20 sau da yawa a yini. Kowane gida na buƙatar duro ko randa mai murfi da za ta riƙe ruwan 'yan kwanaki, da moɗa guda mai mariƙi wadda ba a sha da ita, ɗiba kawai ake yi, domin kofin da kowa ke kai wa baki ya mayar cikin randa shi ne hanyar da cuta ke zagaye gida. Buta da sabulu a bakin ƙofa suna yin aikin famfo sarai idan wani ya zuba wa wani. Abin da ya kamata a bari shi ne kwano ɗaya na wanke hannu da mutum goma ke tsomawa kafin cin tuwo.

Batun magani ya fi kowanne ciwo a raina. A watan Afrilun 2020 maƙabartun birnin Kano sun karɓi gawarwaki fiye da yadda aka saba, yawancinsu dattawa, kuma daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa binciken da aka yi ya ƙirga mutum 979, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen suna da nasaba da korona. Sauran fa? A ganina, da yawa daga cikinsu masu hawan jini ne da ciwon sukari da makamantansu, waɗanda maganinsu ya ƙare a lokacin da asibitoci masu zaman kansu da dama suka rufe ƙofa don tsoro, ga zafi, ga azumi, ga babu abin hawa. Duk gidan da ke da mai irin wannan lalura, ko mai asma ko sikila ko farfaɗiya, ya kamata ya riƙa ajiye maganin wata guda a gaba, a rubuta sunan maganin da yadda ake shan sa a takarda, a kuma sami lambar wayar wani ma'aikacin lafiya da za a iya kira. Mai juna biyu ta san tun da wuri inda za ta haihu da wanda zai kai ta idan naƙuda ta zo da dare. Bayan wannan, farasitamol da ma'aunin zafin jiki da 'yan ƙullin gishirin ORS, wanda ake jiƙa wa mai gudawa, sun isa, kuma idan babu ORS ana haɗa shi a gida: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce. Tara magungunan kashe ƙwayoyin cuta daga kemis ba tanadi ba ne. A watan Maris na 2020, da aka ji Shugaba Trump na Amurka ya yabi kulorokwin, mutane suka yi masa wawa, har hukumomin Legas suka ba da sanarwar kwantar da waɗanda suka sha fiye da kima.

Game da kuɗi ba zan tsawaita ba. A ajiye ɗan abin da ya samu a hannu, cikin ƙananan takardu, domin kulle ya nuna, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya sake tabbatarwa, cewa kuɗin da ke banki ba kullum ne yake sayen gishiri a shagon unguwa ba. A kuma tuna da matan da ke sana'a a cikin gida, masu ƙosai da awara da ɗanwake da ƙuli-ƙuli, waɗanda da yawansu suka cinye jarinsu a makonnin farko, adashinsu ya watse, ba su sake tashi ba. Idan masu zubin adashi za su ware wani ɗan kaso da ba a kwasa sai irin wannan rana, da an rage wannan asara.

Killace mara lafiya a gidan yawa abu ne mai wuya, amma ba a rasa dabara. Soro ko ɗakin samari na iya zama ɗakin jinya na wucin gadi, a buɗe tagogi, a ware masa kwano da kofi da buta, mutum ɗaya mai ƙarfi a jika ya riƙa kula da shi da takunkumi a fuska, a kuma nisanta tsofaffin gida daga gare shi. Abin da ya fi mana nauyi shi ne dubiya da ta'aziyya, domin wanda bai je ba ana ganin ya yanke zumunci. A nan malamai ne za su sauƙaƙa wa mutane, kuma hujja tana hannunsu, tun da hadisi ingantacce ya hana shiga garin da annoba ta sauka da kuma fita daga cikinsa, Sayyidina Umar ma ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda haka. Gaisuwa ta waya a irin wannan yanayi ba raini ba ce. Ita dai wayar, yadda ta sada zumunci haka ta yi jigilar ƙarya, domin ta WhatsApp aka riƙa yaɗa cewa cutar ba ta kama baƙar fata, ko kuma zafin ranarmu na kashe ta. Saboda haka ƙaramar rediyo mai batir, don jin sahihin labari, tana cikin kayan tanadi.

Duk da haka, ya Edita, zan yi wa masu karatu rashin adalci idan na nuna kamar kowa zai iya wannan tanadi. Akwai gidajen da mudun da za a ware ɗin ma babu shi, kuma waɗannan ba gwamnati ce ta fara kai musu ɗauki ba, maƙwabta ne, ta hanyar ciyayya da kwanon da ake miƙawa ta kan katanga bayan magariba. Tallafin hukuma ya zo a makare, ya bi ta hannun da bai kamata ba a wurare da yawa, har aka wayi gari a watan Oktoban 2020 jama'a suna fasa rumbunan ajiya a Jos da Legas da Kaduna suna kwasar kayan tallafin CACOVID, wato haɗakar kamfanoni masu zaman kansu don yaƙi da korona, da aka jibge tun watanni. Wanda ya san gidan marayu da na zawarawa da na tsohon da ba shi da kowa shi ne mai unguwa da limamin masallacin layi. Ina ganin lokaci ya yi da kowace unguwa za ta rubuta sunayen irin waɗannan gidaje tun yanzu, a riƙa sabunta su duk shekara, a kuma ware wani abu daga zakkar hatsi a ajiye a hannun amintattu uku ko huɗu, yadda ko tallafi ya zo daga sama akwai takardar da za a bi, ko bai zo ba akwai abin da za a fara da shi.

Ita ma gwamnati tana da darasin da za ta ɗauka. Sassaucin da aka yi a watan Mayu na fita ranakun Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ya tara mutanen birni guda a 'yan kasuwanni kaɗan cikin awa shida, wato ya haifar da cunkoson da aka yi kullen domin gudunsa. Da an bar shagunan unguwa da masu kayan miya da masu injin niƙa da 'yan garuwa suna aiki kullum, an kuma ɗauke su a matsayin masu aikin da ba a dakatarwa kamar ma'aikatan asibiti, da ba wanda zai tsallaka gari don neman albasa.

Roƙona ga wannan jarida shi ne ta ware shafi a lokacin kaka da kuma tsakiyar rani, ta gayyato malaman gona da ma'aikatan lafiya da matan da suka ƙware a shanya da adana kayan miya, su yi bayani da Hausa dalla-dalla, tare da farashin mudu a manyan kasuwanni a wannan makon, domin magidanci ya san lokacin da ya fi dacewa ya saya.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naka,
Wani magidanci daga birnin Kano