Tuwon Alkama Malmala Uku Ba Magani Ba Ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da masu ciwon sukari irina, da matan da ke dafa musu abinci, da ma'aikatan asibiti da ke ba mu shawara. Ni ba likita ba ce. Sana'ata sayar da abinci, ina da rumfa a bakin tasha a Funtuwa, kuma na daɗe ina fama da ciwon sukari nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya. Abin da zan faɗa a gindin murhu na samo shi, da kuma 'yar na'urar gwaji da ba ta rabuwa da jakata.

Tuwon alkama ne ya sa na ɗauki biro. 'Yan shekarun nan da wuya rana ta fito ta faɗi ban ji wannan maganar ba: "Hajiya, akwai na alkama? An hana ni shinkafa." In ce akwai. Sai bawan Allah ya ce a sa masa malmala uku, miya kaɗan, nama ɗaya. Ko kallon kwanon zogale ba zai yi ba. Ya cinye tas, ya suɗe hannu, wani ma ya kora da lemon malti mai sanyi don an ce masa wannan ba ya cikin lemon da aka hana. Ya biya kuɗi ya tashi yana jin daɗi, a ganinsa ya bi doka. Ni ce nake karɓar kuɗin, amma wallahi raina ba ya so.

Alkama hatsi ce, 'yar uwar masara da dawa da gero da shinkafa. Duk abin da ake tuƙa tuwo da shi sitaci ne, shi kuwa sitaci da zarar ya shiga ciki sukari yake komawa, ko da bai yi zaƙi a harshe ba. Mai lafiya jikinsa yana fitar da sinadarin insulin ya kwashe sukarin daga jini ya kai inda ake buƙata. Mu masu nau'i na biyu muna da insulin ɗin, amma jiki ya daina jin maganarsa yadda ya kamata, a hankali kuma ya riƙa raguwa. Sai sukarin ya zauna a jini yana cin ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa ba tare da an ji zafi ba. Alkamar da aka kai inji aka niƙe ta luƙwi ba ta da wata ƙofa ta daban da take bi. Haka acca. Ana kawo ta daga Filato da kudancin Kaduna da wani yanki na Bauchi, mudunta tsada gare shi, na ga magidanta suna cin bashi don su saya. Abinci ce mai kyau, ban musa ba. Amma wanda ya cika kwano da ita ya cika jininsa da sukari, ya kuma yi asarar kuɗinsa.

Wanda yake shakka ya gwada da kansa. Ma'aunin ba ɓoyayye ba ne. Wanda aka auna sukarin jininsa da safe kafin ya ci komai aka ga 7 ko sama, aka sake aunawa wata rana aka ga haka, yana da ciwon. Wasu na'urorin 126 za su nuna maimakon 7, lissafi ɗaya ne, ana ninkawa da 18. Ga mai ciwon, abin da yawanci ake so shi ne kafin cin abinci sukarin ya zauna tsakanin 80 da 130 a ma'aunin mai nuna 126 ɗin, awa biyu bayan abinci kuma kada ya haura 180, wato 10 a ɗaya ma'aunin. Yawancinmu gwajin safe kaɗai muka sani, alhali na bayan abinci shi ne yake tona asirin kwano. Tsinken gwaji yana da tsada, na sani, don haka ni ba kullum nake yi ba. Abinci ɗaya nake ɗauka in auna kafin in ci, in auna bayan awa biyu, in rubuta a bayan littafin bashi. Malmala biyu na alkama da miya 'yar kaɗan sun haye da ni sama da 230. Rabin malmalar tuwon masara, na gidan kowa, da miyar kuɓewa cike da kwano da kifi busasshe, bai kai ni 180 ba. Jiki ya bambanta, nawa ke nan. Amma ko ya ya jikin mutum yake, malmala uku ta fi rabi.

To me nake ci? Abin da ke cikin tukunyata. Juya kwanon kawai na yi. Mu Hausawa mun saba tuwo shi ne abinci, miya kuwa abin shafawa ce don loma ta wuce. Ni yanzu miya nake sha, tuwo ne ɗan rakiya, bai wuce dunƙulen hannuna ba. Kuma ba da shi nake farawa ba. Sai na fara cin kwaɗon zogale ko rama ko kabeji da ƙuli-ƙuli ba sukari, in ci kifina ko awara ko ƙwai, sannan in taɓa tuwo. Lokacin ciki ya riga ya ɗauka, sukarin ma ba ya tashi da gudu. In shinkafa da wake ne, wake biyu shinkafa ɗaya, ba yadda muke sayarwa ba, inda sai ka tona kafin ka ga ƙwayar wake. Dambu nakan cika shi da zogale har tsakin ya ɓace a ciki. Fate ma haka, yakuwa da alayyahu su rinjayi tsaki. Tsaki da hatsin da aka bar masa dusarsa sun fi gari mai laushi jinkirin narkewa. Alala da dafaffen wake suna riƙe ni har la'asar. In kwaɗayi ya taso tsakanin abinci, gyaɗa 'yar kaɗan, ko yalo, ko gurji, ko goba ɗaya. Mangwaro in ya shigo, ɗan ƙarami ɗaya, ba roba guda ba. Bayan abincin dare kuma ba na kwanciya, sai na zaga tsakar gida kamar minti goma sha biyar, jikokina suna yi min dariya.

Inda aka fi cin mu, Edita, abin sha ne, kuma nan ne ba a cika magana ba. Mutum zai rantse maka ya bar sukari, amma da asuba ya sha koko kofi biyu, hantsi ya tsaya wurin mai shayi a zuba masa madarar gwangwani mai zaƙi da burodi rabin sanda, azahar ya dama fura, yamma a kawo masa kunun zaƙi ko zoɓo. Hatsin da aka niƙa aka tace aka dama ba ya jiran a tauna shi, kai tsaye yake wucewa. Koko ko ba a sa masa sukari ba yana tayar da nawa fiye da tuwo. Fura ban rabu da ita ba, ɗan Adam ne ni, amma nono ya fi yawa, furar ƙwallo ɗaya ƙarami, ba sukari. Zoɓo da citta da kanumfari yana shawuwa haka nan in baki ya saba. Lemon kwalba kuwa, ƙaramar kwalba ɗaya tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi takwas zuwa tara. Gwamnatin tarayya ta sa wa irin waɗannan lemuka harajin naira 10 a kan lita a dokar kuɗi ta 2021. Ban ga wanda naira goma ta hana sha ba a tashar nan.

Sai maganar zuma. Sau nawa za a faɗa? Zuma tana da albarka, tana da amfani, amma sukari ce, kuma na'ura ba ta bambanta ta da na kwali. Dabino ma haka. A ɗaya ɓangaren kuma ga masu ɗaci: shuwaka, sassaƙe, da garin magani a leda da ake shela da lasifika ranar kasuwa, wai kwalba uku ka rabu da ciwon har abada. Na san wani direba da ya ajiye ƙwayar asibiti ya koma wa irin wannan. Ƙaya ce ta soke shi a ƙafa bai ji ba, ta zama gyambo, yanzu wani ne yake ja masa motarsa. Shuwaka a miya lafiya lau, ganye ce. Amma ɗaci ba ya kashe zaƙin da ke cikin jini.

Akwai abin da nake so matan gida su ji. Da an ce maigida yana da sukari sai a ɗora masa tukunya ta daban, abinci lami ba armashi, a kai masa ɗaki shi kaɗai, sauran gida suna cin dafa-duka yana jin ƙamshi. Sati biyu zai yi ya fara bin rumfuna irin tawa a ɓoye. Ni na san su, suna zama ta can ciki inda ba za a hango su daga titi ba. Tukunya ɗaya ta isa gida, a yawaita ganye da wake, a rage gishiri da dunƙule don hawan jini abokin tafiyar sukari ne, shi kuma a rage masa malmala. Yaran ma ribarsu ce, tunda ciwon yana bin jini. Ranar biki ko suna kuma a daina cewa "haba, ɗan wannan ba zai yi komai ba" ana tura wa mutum alkaki da nakiya da dubulan. In ya ce a'a a ƙyale shi.

Amma a yi hattara, kada wani ya karanta wannan ya yanke abinci gaba ɗaya. Wanda yake shan ƙwaya irin glibenclamide ko yake allurar insulin, in ya rage ci bai gaya wa likitansa ba, sukarinsa zai iya faɗuwa ƙasa da 70. Alamarsa karkarwa, gumi, jiri, bugun zuciya, mutum ya riƙa magana ba kan gado. A wannan lokacin sukari shi ne magani: ƙwaya uku ko huɗu na sukarin kwali, ko rabin kwalbar lemo, sannan a ci abinci. Direbobi su ajiye a mota. Haka in azumi ya gabato, a je asibiti tun cikin Sha'aban a gyara lokutan magani, kuma wanda aka ce kada ya yi ya karɓi sauƙin da Allah Ya yi wa marar lafiya. Wanda zai yi kuma ya buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya, ya yi sallah, kada ya haɗa kunu da ƙosai da dankali da kankana da tuwo a zama guda.

Wani zai ce Hajiya kina magana ne don kina da tukunya. Gaskiya ne tuwo shi ne mai arha, abin da ake ɗorawa a kai shi ne kuɗi, kuma wake ma yanzu ba na kowa ba ne. Amma kuɗin mudun acca ɗaya zai sayi zogale da kuɓewa da awara na kwanaki. Da damina rama da tafasa da lalo kusan kyauta ne, a shanya a inuwa a ajiye wa rani kamar yadda iyayenmu suke yi.

Roƙona biyu ne. Ma'aikatan asibiti, don Allah ku daina miƙa mana takarda da Turanci mai lissafin giram da sunayen abincin da ba a sayarwa a kasuwarmu, ko ku ce "a bar shinkafa a koma alkama" ku kira na gaba. Ku yi mana magana da malmala da ludayi da kofi, ku ajiye kwano a kan tebur ku nuna. Ku kuma 'yan jarida, ranar 14 ga Nuwamba ta ciwon sukari ba ta isa ba. Ku samo masanin abinci Bahaushe ya riƙa ɗaukar abincinmu ɗaya-ɗaya a wannan shafi, waina yau, ɗanwake gobe, ya ce ga yawan da za a ci. Ni dai a rumfata na fara sayar da rabin malmala da miya ninki biyu a kuɗin malmala guda. Ribar ta ragu kaɗan, wasu suna cewa wayo nake yi musu, amma wanda ya tambaya ina zuba masa.

Taku mai karatu,
Mai tuwo a bakin tasha, Funtuwa, Jihar Katsina.