Kuɗin haya ba shi ne riba ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana da masu niyyar zuba jari a gidan haya, domin da yawa suna shiga harkar da lissafi guda ɗaya tak: farashin gida da kuɗin hayar shekara. Wannan lissafi ya sa mutane da dama sun binne dukiyarsu suna zaton tana haihuwa.

A ɗauki misali, a kowane irin kuɗi ne. Gida miliyan 20, haya 200,000 a wata, wato miliyan 2.4 a shekara. Mai saye zai raba 2.4 da 20, ya ga kashi 12 cikin ɗari, ya ce cikin shekara takwas da 'yan watanni uwar kuɗi ta dawo. Kuskure na farko yana jikin miliyan 20 ɗin. La'adar dillali, kuɗin lauya, rajistar takardu da gyaran da za a yi kafin ɗan haya ya tare, duk jari ne. A ce sun ci miliyan 2. Jarin ya zama 22.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. Gida ba ya cika wata goma sha biyu da mutum a ciki kowace shekara. Wani ya tashi, sai an yi fenti, an gyara famfo, an jira wani. A cire hayar wata ɗaya, 200,000. A ware kashi 1 cikin ɗari na darajar gidan don gyara, 200,000 ke nan, kuma tsohon gini ya fi haka ci. Wannan kuɗin a ajiye shi ko da shekarar ta wuce ba a sayi ƙusa ba, saboda rufi da wayoyin lantarki ba sa lalacewa da kaɗan-kaɗan yadda aljihu zai ɗauka, rana ɗaya suke neman kuɗinsu a dunƙule. Haraji da inshora, a ce 150,000. Wakilin da ke karɓar haya, idan kashi 10 yake ɗauka daga miliyan 2.2 da ta shigo, 220,000. Jimilla 770,000. Abin da ya rage a hannu 1,630,000 ne. A raba shi da miliyan 22, a samu kashi 7.4 cikin ɗari, kuma uwar kuɗi ba za ta dawo ba sai bayan shekara 13 da rabi.

Wannan 7.4 ita ce ma'aunin da za a gwada rance da ita. A ce mai saye ya sa miliyan 10 nasa, ya ranto 12. Idan abin da banki ke ɗorawa kashi 6 ne, zai biya 720,000 a shekara, saura 910,000, wato kashi 9.1 a kan kuɗinsa, kafin ya fara rage uwar bashin. Idan kuwa kashi 15 ne, miliyan 1.8 zai biya, ya cika 170,000 daga aljihunsa kowace shekara, bashin kuma yana nan daram. Duk rancen da tsadarsa ta wuce ribar gidan, cin ribar kuɗin mai saye yake yi. Shawarata ita ce ribar ta ninka abin da ake biyan banki sau 1.25 aƙalla, a misalinmu, kada biyan shekara ya haura 1,304,000.

Wasu za su ce ai gida daraja yake ƙarawa. Gaskiya ne sau da yawa, amma ita ma a auna ta. Gidan da ya tashi daga miliyan 20 zuwa 30 cikin shekara biyar, ƙarinsa kusan kashi 8.4 ne a shekara. Idan hauhawar farashi kashi 12 ce, kaya sun tashi da kashi 76 a daidai lokacin, gidan kuwa 50 kawai, kuma ranar sayarwa akwai wata la'adar a gaba. Hanya mai sauƙi ta auna yadda hauhawar ke cin kuɗi ita ce a raba 72 da adadin hauhawar: a kashi 12, ƙarfin kuɗi na raguwa da rabi cikin shekara 6. Don haka a rubuta lokacin sake duba kuɗin haya a cikin yarjejeniya tun kafin a miƙa makulli.

Na gode.

Naku,
Mai karanta jaridarku