Tausayin mugu ba laifi ba ne, mantawa da wanda ya cuta ne ke damuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a shafinku na nishaɗi, domin na gaji da jin ana cewa duk matashin da ya fi son bos a kan jarumi tarbiyyarsa ce ta lalace. Ni ma na taɓa zubar wa mugu a cikin fim hawaye, kuma na san dalili.

Zuciyar mai kallo tana bin wanda aka fi zama da shi. Idan aka fara nuna maka mutum yana yaro ana dukansa, ko yana magidanci an wulaƙanta shi a wurin aiki, aka bar ka kai da shi cikin ɗaki ka ga kukansa, to kafin ya ɗaga wuƙa ka riga ka zama ɗan gidansu. Wanda zai soka kuwa, ko sunansa ba a faɗa maka ba. Masu shirya fim sun daɗe da sanin wannan. Shi ya sa dokar tace finafinai ta Hays, wadda aka tsananta a Amurka daga 1934 har aka yi watsi da ita a 1968, ta hana a karkatar da tausayin masu kallo zuwa ɓangaren laifi. Ba na goyon bayan a dawo da ita, don mugun da ba shi da uwa ba shi da dalili, sai dariyar ƙeta kawai, ba ya koya wa kowa komai.

Abin da ke damuna shi ne inda tausayin yake kaiwa. A ɗauki Breaking Bad, wani fim mai dogon zango na Amurka da aka nuna a talabijin daga 2008 zuwa 2013. Jigon labarin, Walter White, malamin kimiyyar sinadarai ne da aka gano yana da cutar dajin huhu, ya shiga haɗa ƙwaya wai don ya bar wa iyalinsa abin dogaro. Wa zai ƙi tausaya masa a farko? Amma mutumin nan ya kai ga sa wa ƙaramin yaro guba, ya tsaya yana kallon wata budurwa tana mutuwa bai taimake ta ba. Duk da haka, wadda ɗimbin masu kallo suka tsana ita ce matarsa Skyler, alhali babban abin da ta yi a farko shi ne ta tuhume shi. Ƙiyayyar ta tsallake labarin ta faɗa kan Anna Gunn, wadda ta fito a matsayin matar, har sai da ta yi rubutu a jaridar New York Times a 2013 tana bayyana abin da take fuskanta. Wannan ya wuce tausayi, ya zama ɓangaranci. Kuma shi Walter da bakinsa ya amsa a kashi na ƙarshe cewa don kansa ya yi, ba don iyali ba.

Roƙona ga masu yi muku sharhin finafinai shi ne, idan sun gama yabon gwanintar wanda ya fito a mugu, su ba da ko sakin layi ɗaya ga matar mugun, da yaron da aka sa wa guba, da waɗanda aka kashe ba a ko faɗi sunansu ba.

Na gode.

Naku,
Mai karanta shafinku a kai a kai