Rahoton ayyukan 2024 na ƙungiyarmu ta lambun jikin bango

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena. Hajiya shugaba ta ce lallai rahoton nan ya fito kafin zaman Janairu, to ga shi, wadda ta ga ya yi mata tsawo ta karanta shi kaɗan-kaɗan, amma dan Allah kar a zo ranar mitin ana tambayata abin da na riga na rubuta.

Zaman wata-wata dai an yi shi yadda aka saba, banda na Agusta da dokar hana fita ta ritsa da shi bayan zanga-zangar tsadar rayuwa.

Bari na fara da kuɗin wata tunda komai a kansa ya rataya. Waɗanda suka biya na shekara cif ba su kai rabinmu ba, akwai masu biyan wata biyu su ɓace wata huɗu, akwai kuma waɗanda tun ranar da suka cike fom ba a sake ganin ko sisinsu ba, amma sunansu na nan daram a gurup ɗin WhatsApp, da an ce za a raba iri su ne farkon turo "a sa da ni". Na bi gida-gida, na kira waya har wasu sun daina ɗagawa, wata ta ce min ta yi transifa netwok ne ya riƙe, har shekara ta ƙare alat ɗin bai iso ba. Ni ma na san halin da ake ciki, mudun shinkafa da kuɗin adaidaita ba su ƙyale kowa ba, kuma duk wadda ta zo ta faɗa min gaskiya cewa babu, wallahi ban taɓa kai sunanta gaba ba. Abin da ke min ciwo shirun ne. Ni fa ba albashi ake biyana ba, da katina nake kiran nan.

Wannan shi ya jawo maganar katangar Islamiyya da ake ta yi mana gori a kai. Eh mun yi alkawarin kafin damina za mu jera paip hawa-hawa a jikin katangar mu yi shuka a ciki, yara su riƙa ban ruwa suna koyo, kuma eh har yau ƙarfe biyu ne kawai a tsaye. To amma lissafin da muka yi da farashin Janairun 2024 muka yi shi, kafin kuɗin ya ɗan taru mu koma kasuwar Sabon Gari paip mai inci 4 ya tashi, mai walda ya ce shi ma da janareta yake aiki, kuma kowa ya san inda fetur ya nufa tun da aka cire tallafi a 2023. Kwamiti ya zauna aka ce da a kafa katakon banza gara ta cinye shi a damina ɗaya gwamma a dakata. Paip ɗin da aka samu aka saya suna ajiye a gidan ma'aji, rasit yana hannuna. Masu cewa kuɗin ya bi wata hanya ba zan ce musu komai ba, littafi a buɗe yake, su zo su duba da idonsu.

Tumatirin da muka shuka a buhu shi ma bai yi ba, kuma ban ga wadda za a ɗora wa laifi ba. Azumi ya faɗo a Maris, zafi ya shigo da ƙarfinsa, fure na fitowa yana kakkaɓewa, sannan ga sharon, tsutsar nan da ke shiga cikin ganye ta yi masa zane fari-fari ta huda ɗan tumatirin tun yana ɗanye. Manyan manoma masu injin feshi ma sun yi kuka da ita, kowa ya ga yadda tumatir ya gagari tukunya a kasuwar Yankaba ta Kano wajen Mayu da Yuni, balle mu masu 'yan buhuna a tsakar gida. Sai kuma Oktoba da wuta ta ɗauke a Arewa sama da mako guda, bohol suka tsaya, 'yan garuwa suka ƙara kuɗin jarka, matar da take neman ruwan girki ba za a ce mata ta shayar da alayyahu ba. Robobi da yawa sun bushe a lokacin. Waɗanda nasu ya tsira su ne masu tara ruwan alwala da na wanke shinkafa a bokiti, wadda kuma ta zuba ruwan wanki mai omo ta ga abin da ya biyo baya.

Yanzu sai abin daɗi, ranar koyarwa da muka yi a Nuwamba. Kai jama'a! Ni dai ban taɓa zaton matan unguwa za su cika filin nan haka ba, kujerun da muka yi haya suka ƙare aka koma shimfiɗa tabarma, har daga unguwannin maƙwabta an zo. Yaranmu sun kwashe makonni suna tsinto robobin ruwa na lita ɗaya da rabi a gidajen biki, aka wanke su aka tara himili guda. Gwaggo ce ta buɗe da nata buhun kuma ta burge kowa. Ta kafa babban gwangwani da aka cire wa gindi a tsakiyar buhun shinkafa, ta cika shi da tsakuwa, ta zuba ƙasa ta kewaye shi, ta jawo gwangwanin sama ta sake cikawa, a haka har buhun ya cika, tsakuwar ta zama hanyar ruwa daga sama har ƙasa. Sannan ta ɗauki wuƙa tana tsaga jikin buhun tana auna taƙi guda tsakani, tana cusa dashen salak da yatsa tana yi wa 'yan mata tsiya wai su kam ko barkono ba su iya dasawa ba sai latsa waya. Filin kaf aka sa dariya.

Ɓangaren roba Anti malama ce ta riƙe, ƙusa a garwashi ana huda gindin roba, a yanke taga a gefe, a zura igiya a jera su uku ko huɗu a tsaye, ruwan da ya ɗigo daga ta sama ya shiga ta ƙasa. Ta nanata haɗin ƙasar har ya zauna, kwano biyu na ƙasa, ɗaya na takin da ya ruɓe sosai, ɗaya na buntun shinkafa don kar ta danƙare ta kuma yi nauyi a jikin igiya, kuma kar a kuskura da ɗanyen kashin kaji, ƙona saiwa yake. Masu zaman haya su suka fi tambaya, wai bango zai jiƙe mai gida ya yi faɗa, aka nuna musu yadda ake sa ɗan katako tsakanin roba da bango a kuma ajiye kwano a ƙasa ya tari ruwan. Aka kuma ja kunne a kan bangon da ke kallon yamma, ranar la'asar dafa robar take, a nemi mai kallon gabas, farar roba kuma a naɗe ta da tsohon buhu don kar gansakuka ta cika ta. Mai fama da ƙwari aka ce ta daka ganyen darbejiya ta jiƙa ya kwana ta tace ta yayyafa da yamma. Ƙadangare ne dai har yau ba mu da maganinsa sai tsohon gidan sauro.

Daga ƙarshe aka tsinko salak da lawashi daga paip ɗin gidan Hajiya shugaba aka yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli a gaban kowa, babu wadda ta tafi ba ta ɗanɗana ba. Dashen na'a-na'a da yakuwa da muka raina a ledar fiya wata duk an saye, da kuɗin aka biya hayar kujeru har ɗan canji ya shiga asusu. Wasu daga cikin baƙin sun riga sun turo hoton alayyahunsu, bai cika wata ba sun fara yanka.

Amma fa a faɗi gaskiya, fuskokin da suka yi ɗaukar kujeru da shara da wanke robobi su ne dai na kullum, kun san kanku Allah ya saka da alheri. Wasu mambobinmu kuwa sai da aka fara rabon kwaɗo suka iso da kwalliyarsu aka yi hoto da su suka wuce.

Shawarar kwamiti ita ce daga 2025 ba za a ba da iri ko dashe ba sai ga wadda sunanta ya fita daga littafin bashi, ko ta zo ta yi magana da ma'aji a sirrance. Katangar Islamiyya kuma ba za mu sake sa mata rana ba sai kuɗin mai walda ya cika a hannu. A zaman Janairu akwai zaɓe, kuma tun yanzu ina roƙo a nemo wata ta karɓi aikin bin kuɗin wata, rubutu zan ci gaba da yi in an yarda. Kowa ta taho da robobinta wankakku da abin da ake binta, wadda kuma ta ari almakashin yankan roba tun ranar taro dan Allah ta dawo da shi.

Taku, sakatariya.