Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabar Ƙasar Meziko, Uwargida Claudia Sheinbaum

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mai rubuto miki wannan wasiƙa mutum ne da ya daɗe yana gudun dogon zango, wanda kuma ya taɓa yin wata uku yana ɗingishi saboda kwaikwayon mutanen ƙasarki. Da na ji yadda Tarahumara, waɗanda suke kiran kansu Rarámuri, suke ratsa duwatsun jihar Chihuahua da takalmin taya mai igiyar fata, sai na ajiye takalmin guduna, na sa aka yanka mini irin nasu, na hau kwalta. Ban cika mako shida ba agarata ta kumbura, har taka ƙasa da asuba ya zame mini aiki.

Ina zaman jinya na gane cewa takalmin kawai na ara, ƙafar kuwa ba ta aruwa. Tun suna ƙanana yaransu suke hawa da gangara a bayan awaki, guzurinsu garin soyayyar masara da suke kira pinole. A wasan rarajípari maza kan wuni har su kwana suna cilla ƙwallon itace da ƙafa suna bin ta, mata kuma suna da ariweta, inda suke jefa zobe da sanda. Su ma suna galabaita, jijiya tana ɗaure musu kamar kowa, kuma binciken da Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard ya fitar tare da abokan aikinsa a 2020 ya nuna cewa sun ɗauki wannan gudu tamkar addu'a.

Duniya ta tafa wa Victoriano Churro a 1993, sa'ad da ya lashe tseren kilomita 160 na Leadville a Amurka yana da shekara fiye da hamsin, ta kuma tafa wa Lorena Ramírez a 2017, da ta zo ta ɗaya a tseren kilomita 50 a jihar Puebla sanye da siket da takalminta na gida. To amma a watan Janairun wannan shekara ta 2017 aka harbe Isidro Baldenegro, wanda ya sami lambar yabo ta Goldman a 2005 saboda tsayuwarsa kan hana sare dazukan mutanensa. A 2018 aka kashe Julián Carrillo kan wannan gwagwarmaya, a 2022 kuma aka kashe limaman coci biyu a cikin majami'ar garin Cerocahui da ke yankin Rarámuri. Ko tseren garin Urique da ke wannan yanki, wanda baƙi suke yi wa tururuwa daga ƙasashe, sai da aka soke shi a 2015 saboda rikicin 'yan bindiga. Wanda aka kora daga gonarsa ya koma bara a birnin Chihuahua, ina 'ya'yansa za su koyi hawan dutse?

Don haka ina roƙonki, ranki ya daɗe, da ki sa a tabbatar wa waɗannan al'ummomi takardun mallakar filayensu, a hukunta masu sare itatuwa ba bisa ƙa'ida ba tare da 'yan bindigar da ke tsaya musu, a kuma mayar da iyalan da aka kora daga Coloradas de la Virgen, ƙauyen su Isidro Baldenegro da Julián Carrillo, gidajensu cikin tsaro.

A huta lafiya.

Naki,
Wani mai gudun dogon zango